Hannun da Ya Dafa Ƙarfen Ba Na Ambros Ba Ne

Satin da na fara aiki a ɗakin wanki na masana'antar ƙarfe, wata uku bayan mun binne mijina Ignaz, hannuwana suka tsattsage. Sabulun da ake dafa kayan ma'aikata da shi yana cin fata, ga sanyin Janairu. Ko carbi na riƙe a coci sai ya taɓa min ciwo. Ran Juma'a wani dogon mutum mai manyan kunnuwa ya zo tagar karɓar safar hannunsa. Ya dubi hannuna, ya tafi. Ran Litinin ya dawo ya ajiye wani ɗan gwangwani a bakin tagar.

"Na shanu ne," ya ce. "Shi ake shafa musu a hantsa in ta fashe. Kar ki ji kunya, shi uwata take shafawa."

Na yi godiya, na kai hannu zan buɗe, sai ya dafe murfin.

"A gida, matar Ignaz, bayan kin tashi aiki. Da safe kuma ki wanke shi tas kafin ki taɓa min safa. Ranar da na ji ƙanshinsa a safata, ni da ke mun ɓata."

Wannan shi ne Ambros Hametner, wanda muka binne ran Asabar da ta wuce. Fadan cocinmu ya ce in rubuta 'yan layuka a kansa don takardar coci, tunda na daɗe da saninsa. 'Yan layuka ba za su ishe ni ba. In Fada ya ga ba zai iya bugawa ba, ya dawo min da takarduna.

Ɗan manoma ne daga tuddan can tsallaken kogin Donau, na biyar a gidansu, gonar kuwa ta babban wa ce. Yana da shekara goma sha takwas, bayan yaƙin duniya na biyu da shekara guda, ya sauko gari da takalmin ubansa a ƙafa. Shara ya fara yi a masana'anta, sannan aka ba shi dutsen goge ƙarfe, har ya kai zauren da ake haɗa ƙunshi, inda ya zauna. Matarsa Resi ta rasu da wuri ta bar masa 'ya ɗaya, Gerlinde, shi ya yi mata kitso har ta iya da kanta. Yana kiwon zomaye a bayan gida. Ran biki kuma shi ke busa ƙaton ƙahon tagulla a ƙungiyar mabusan masana'anta, can a layin baya, kunnuwansa sun yi ja.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma shekara ashirin da biyu ina kai kwandon safa zauren nan, na ga aikin har zan iya faɗa. Akwai allon baƙin ƙarfe mai kauri, yana da ƙarfi amma yana tsatsa. Akwai allon farin ƙarfe siriri, ba ya tsatsa amma tsada gare shi. Sai a goge fuskar kowanne har ta yi ƙyalli, a kifa ɗaya a kan ɗaya, a bi gefe da walda a rufe, a zuƙe iskar da ke tsakani. Wannan shi ne ƙunshi. Daga nan sai tanderu, sai injin murza da ke matse su suna jajur har su miƙe ninki biyar su zama abu guda. Da shi ake yin tankunan guba da bututun da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin teku. To amma duk wutar nan da duk matsar nan ba sa haɗa wurin da maiƙo ya taɓa. Wurin zai zauna a rabe daga ciki, ido ba ya gani, sai an bi allon da na'urar da ke sauraron cikin ƙarfe.

Idon Ambros shi ne na ƙarshe da ke ganin fuskar allo kafin a rufe ta har abada. Zai kashe fitilar sama, ya kwantar da 'yar fitilarsa a gefe, ya sunkuya har kumatunsa ya kusa taɓa ƙarfen, yana bin hasken taki-taki. In ya ga ko inuwar yatsa, sai tsumma da ruwan goge maiƙo. Sai ya ɗaga hannu sannan mai injin ɗaga kaya zai sauke allon sama. Sauran ma'aikata safa ɗaya suke sawa su wuni da ita. Shi huɗu yake canzawa, kuma in sun dawo wurina kamar ba a sa ba. Ni da nake wankewa na san hannun kowa a zauren: wanda ke shan taba a ɓoye, wanda ke share hanci da bayan hannu. A safar Ambros ban taɓa samun komai ba sai ƙurar ƙarfe.

Abincinsa na rana burodi ne da kitsen alade da albasa, kamar na kowa, sai dai shi a waje yake ci, ko dusar ƙanƙara ake yi, kuma da cokali mai yatsu. Burodi fa, da cokali mai yatsu! Saboda farar safar nan suka sa masa suna Ungozoma.

"Ungozoma!" in ji Wastl, shugaban ma'aikatan zauren, gajere mai tumbi. "Yau mace za a haifa mana ko namiji?"

"In kanka ya ɗauko, gara a mayar da shi tanderu."

"Kai da kunnuwan nan naka kake zancen kai? Da su aka yi wa zauren rufi da mun huta da yoyo."

"Matsa can, Wastl, numfashinka ma maiƙo ne da shi."

Haka suke kullum, shekara talatin.

Zauren nan yana da al'ada. Ranar da mutum zai ajiye aiki, ana yanko ɗan siririn ƙarfe mai faɗin yatsu biyu daga allon ƙunshinsa na ƙarshe, a sa a injin a lanƙwasa shi har baki ya kusa haɗuwa da baki. In baƙin da farin ba su rabu ba, sai a buga lambarsa a jiki, a miƙa masa a gaban kowa, mabusa suna busa. A unguwarmu in ka shiga gidan tsohon ma'aikaci za ka gan shi a kan kanta, kusa da gicciye. Ba shi da wani amfani, ko ƙofa ba a tokarewa da shi. Amma shi ne shaidar mutum. Tun Kirsimeti Ambros ya kawar da agogon Resi gefe ya share wa nasa wuri, don da bikin Ista zai cika shekara arba'in ya ajiye aiki.

Sai Talatar ƙarshe kafin Azuminmu na Kirista ta shekarar tamanin da shida.

A lokacin an kawo mana sabon injiniya daga Biyana, Reitinger, mai ƙamshin turare da takalmi mai ƙara. Ranar yana da baƙi, masu sayen allunan bututu daga Norway. Ya sa aka kafa tebur a cikin zauren kansa, wurin da Ambros ba ya bari a shigo ko da alewa. 'Yan kicin sun yi kaɗan, sai aka ce ni in ɗauki tiren fanke, irin na ranar nan, mai jam a ciki da sukari a kai. Ƙarfe goma sha biyu ne, Ambros yana waje da burodinsa. Allon farin ƙarfe yana kwance a buɗe, an gama goge shi tun safe, katinsa da lambar Ambros, ɗari huɗu da sha bakwai, yana rataye a gefe. Ba abin da ya rage sai dubawar ƙarshe.

Ina tsaye da tire, ba wanda ke ganina, don ba a ganin mai tire. Injiniya ya ci fanke, ya ƙara, ya ƙara. Na ukun jam ya zubo masa, ya lashe babban yatsa. Yana ta yi wa baƙi bayani da Turancin Ingila yana dariya, sai na ga ya juya ya buga tafin hannunsa na dama a kan allon, tim, tim, kamar mai yabon saniya a kasuwa. Sannan ya dafa ya jingina a kai yana magana.

Na ce, "Ranka ya daɗe..." Ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Kofi, baiwar Allah, kofi ya ƙare." Na ruga kicin da niyyar in bi ta waje in kira Ambros, uwar kicin ta tsare ni da butoci. Kafin in dawo ya riga ya sa Wastl ya kira mai injin ɗaga kaya, wai baƙi su ga yadda ake rufe ƙunshi. Na shigo allon sama yana sauka. Baƙi suka tafa.

Ambros ya dawo yana sa sabuwar safa, ya tsaya cak.

"Wa ya rufe?"

"Ni na ce a rufe," in ji Injiniya. "Lambarka na jiki, ai ka gama."

"Ban duba ba, yallaɓai. A ɗaga."

"A gaban baƙi? Tanderu na jira. Ku kawo masu walda."

"A ɗaga, minti goma ne."

"Malam Hametner, nan ba gonar ubanka ba ce."

Da baƙi suka tafi na gaya wa Ambros abin da na gani. Ya dubi masu walda, ya ce, "To, Zenzi, sai mu roƙi Waliyya Barbara, mai kare ma'aikatan ƙarfe, wuta ta cinye maiƙon." Na kunna mata kyandir ranar Larabar Toka. Wuta ba ta cinye ba. Bayan kwana tara masu na'urar sauraro suka zana da alli a kan allon wani dogon wuri mai girman ƙofar ɗaki, inda ƙarfen bai kama ba. Aka yanka aka duba, aka ce maiƙo ne. Masu saye suka ƙi allon, suka ce kuma a sake auna duk sauran.

Aka kira zama a ofishin sama. Ku ji wanda ya zauna a kujerar bincike: Reitinger. Shi ne mai tambaya, shi ne mai rubutawa. Akwai wakilin ƙungiyar ma'aikata, yana ta duba agogo. Akwai Wastl, idonsa a kan takalminsa. Ni ba a kira ni ba, na hau da kaina da rigar wankina, ban taɓa taka benen nan ba. Na faɗi abin da na gani.

Injiniya bai ko ɗaga murya ba. Murmushi ya yi.

"Wace ce wannan?"

"Mai wankin safa ce, yallaɓai," in ji Wastl.

"Yawwa. Dama ina son zuwa kan batun safa. Maiƙon nan ta hanya biyu kaɗai zai iya zuwa: ko daga hannun mai lambar, ko daga safar da aka ba shi. An ce min akwai wani man shanu da ake shafawa a ɗakin wanki. Baiwar Allah, nuna mana hannunki."

Na ɓoye su a bayana kamar ɓarauniya, ni da ban taɓa shigowa da gwangwanin nan ƙofar masana'anta ba. Saura min shekara goma in kai fansho, ba miji, ga ɗakin da nake ciki na masana'anta ne. Na dubi wakilin ƙungiya, yana kallon taga. Na dubi Wastl.

"Wastl, kana wurin."

"Ni... ni ina kallon sama ne, wajen ƙugiya."

Sai Ambros ya miƙe. Ban taɓa ganin kunnuwansa sun yi fari ba sai ranar.

"Ku ƙyale matar nan. Safarta ba ta da laifi. Ni na cire safa na taɓa. Rubuta."

"Ambros!" na ce.

"Yi shiru, Zenzi, koma bakin aikinki. Rubuta, yallaɓai, ka iya rubutu ai."

Injiniya kuwa ya rubuta. Wannan ne abin da har yau in na tuna sai in ajiye abin da ke hannuna: ya san ƙarya ce, ya san Ambros ya san ya sani, ya rubuta, ya busa tawada, ya miƙa masa ya sa hannu.

Ba su kore shi ba, wai don darajar shekarunsa. Filin tarkace suka mayar da shi, yana jan yankakken ƙarfe a cikin ruwan sama da safar fata mai baƙin mai. Tunda ba ya zauren, ba shi da ƙunshin ƙarshe, ba lanƙwasasshen ƙarfe, ba busa. Ran Alhamis mai tsarki ta kafin Ista ya miƙa makullin akwatinsa ga mai gadi ya fita ta ƙaramar ƙofa. Ina kallonsa ta tagar wanki.

Ran Litinin ɗin Ista Wastl ya je gidansa da wani abu a naɗe cikin jarida. Ashe su 'yan zauren sun yanko ɗan ƙarfe a ɓoye daga lafiyayyen gefen allon nan da aka ƙi, sun lanƙwasa, bai rabu ba, sun buga masa lamba. Ambros ya juya shi a hannu, ya ce wa Wastl, "Ta ƙofar baya ka shigo, ko?" Bai ɗora shi a kan kantarsa ba. Da yamma ya kawo min, shekara goma sha bakwai yana kusa da gicciyena. Wurin da ya share kusa da agogon Resi haka ya zauna fayau har ya mutu.

Ya mayar wa ƙungiyar mabusa da ƙahonsu. Ya daina zama a teburin tsofaffin ma'aikata a gidan giya bayan coci, don akwai mai cewa, "Ungozoma, ka wanke hannu?" Wasa ne a wurinsu. Abin da ya fi ƙona min rai, ɗan maƙwabciyata da ya shiga aiki bayan shekaru ya zo yana ba mu labari wai a darasin sababbin ma'aikata ana ba su misalin wani tsoho da ya ci burodi da kitse ya dafa allo. Mutumin da ke cin burodi da cokali mai yatsu!

Na kai maganar wurin Fada a ikirarin zunubi, don ƙarya aka yi saboda ni, ina ci ina sha a kanta. Fadan wancan lokacin ya ce in yi haƙuri, Allah yana gani. Na san yana gani. Ni ma ai na gani. Ambros ya hana ni buɗe baki har na kai fansho. Da na kai na gaya wa matan coci, suka ce, "Haba Zenzi, abin da ya wuce shekara goma? Injiniyan nan yanzu darakta ne, shi ya gyara mana rufin coci."

Ran Asabar masana'anta ta aiko da furanni masu girman ƙafar keken doki, da mabusa, waɗanda ba su busa masa yana da rai ba. Darakta Reitinger da kansa ya zo, gashi ya yi fari, takalmin dai yana ƙara. A bakin kabari ya zaro takarda. Ya ce irin su marigayi ne suka gina sunan ƙarfenmu a duniya. Ya ce shekara arba'in na aminci, "ko da yake kowane ma'aikaci yakan yi kuskure sau ɗaya a rayuwarsa, kuma ba da shi za mu tuna shi ba." Na ga Gerlinde ta sunkuyar da kai. Har ita ashe haka ta sani.

Aka shiga layi, kowa yana zuba 'yar ƙasarsa. Da aka zo kaina na buɗe jaka na zaro farar safa na sa, yatsa-yatsa, ban yi sauri ba. Na fito da ƙarfen na jefa. Ya bugi murfin akwatin, ƙararsa har bangon maƙabarta, tsuntsaye suka tashi. Fada ya riƙe littafinsa da hannu biyu.

Na ce, "Hannun da ya dafa allon nan ba na Ambros ba ne." Ban san muryata tana kai haka ba.

Darakta ya ce, "Baiwar Allah, nan ba wurin..."

"Ranar Talata ce, ranka ya daɗe. Ni ce mai tire. Fanke uku ka ci, na ukun ya zubo maka, ka lashe yatsa, ka buga da hannun dama sau biyu, ka jingina. Ya ɗauki laifin ne don kar ka kore ni."

Sai ga wata murya daga baya, Wastl ne, ya tsufa yana dogara sanda biyu, hawaye har gemu.

"Huɗu ne, Zenzi. Ɗaya tun a bakin ƙofa ya ci."

Darakta ya ninke takardarsa ya sa aljihu. Bai tsaya cin naman makoki ba, motarsa ta riga mu fita. Ban ce na huce ba. Wanda ya kamata ya ji maganar nan yana cikin akwati.

A wurin cin abinci Gerlinde ta zo ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna. Ta ce, "Inna Zenzi, me ya sa kika jefa da ƙarfi haka? Kuma safar ta mece ce?" Sai na gaya mata abin da ubanta ya ce da yamman nan na Litinin ɗin Ista, yana tsaye a ƙofata, ya ƙi shigowa don takalminsa da taɓon zomaye.

"Riƙe min wannan, Zenzi. Abin da aka kawo ta ƙofar baya ba zai hau kantata ba. In mutumin nan ya zo wata rana ya faɗi gaskiya, ki ba shi ya miƙo min da hannunsa a gaban jama'a. In kuma bai zo ba har na riga ki, ki jefo min shi cikin ramin, da ƙarfi, yadda na layin baya ma za su ji. Amma don Allah ki sa safa. Na san ki da man nan."